Ɗanka Ya Karanta Kwamfuta, Littafin Bashinka Fa?

Jama'a, wannan makon za mu ɗan ajiye zancen tsadar taki da ta mai, mu yi magana a kan wani kuɗi da ku ke fitarwa shekara-shekara ba ku tambayar inda ya shiga. Watau kuɗin karatun 'ya'yanku, musamman waɗanda kuka tura kwaleji ko jami'a domin su koyo aikin kwamfuta na harkar kasuwanci.

Abin da ya tsokano maganar shi ne, ran Talatar da ta wuce wani dattijo mai sayar da atamfa ya shigo ofishinmu, ɗansa na biye da shi, ya rungumo littattafai uku da suka sha hannu. Ya ce yaron nan shekara biyar ya yi ana biya masa, biyu a ƙaramar difloma, ɗaya a aikin gwaji, biyu a babbar difloma, duk a fannin kwamfuta. Da ya gama, uban ya miƙa masa littattafan nan, ya ce masa, "To, ga shi Allah ya kawo ka. Zuba mini wannan a cikin na'urarka, ka gaya mini mutum nawa na ke bi bashi, nawa ne jimla, wa ya fi daɗewa bai biya ba." Yaro ya yi kwana uku yana juya takarda, daga ƙarshe ya ce shi ba a koya musu irin wannan ba. Muka tambaye shi, to, me aka koya muku? Ya ce an koya musu sunayen sassan kwamfuta, da tarihinta, da waɗansu umarnai da malam ya ke rubutawa a allo su kwafa a littafi, su haddace, su mayar masa ran jarrabawa. Ɗakin kwamfuta kuwa akwai shi, amma yawancin kwanaki a kulle, ko babu wuta, ko babu man janareta, ko mai makulli ya fita. Aikin kammala karatu fa? Ya sunkuyar da kai, ya ce saye ya yi a wani shago a bakin makaranta, aka canja suna a bango. Ba za mu faɗi sunan makarantar ba, domin ba ita kaɗai ba ce, kuma ku da kanku kun san irinta.

Dattijon nan ba neman aikin gwamnati ya zo yi wa ɗansa ba. Tambayarsa ɗaya ce, shin shi aka cuta, ko kuwa karatun ne dama haka ya ke? Amsarmu ita ce an cuce shi. Karatun ba haka ya ke ba, kuma ya kamata kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke cikinsa, domin mutum ba ya sayen kaya a buhu bai kwance baki ya duba ba.

Fannin da mu ke magana a kansa sunansa tsarin sarrafa bayanai da kwamfuta don kasuwanci. Ya sha bamban da na masu ƙera kwamfuta da na masu gyara ta. Ɗalibinsa yakan karanta lissafin kuɗi, da sha'anin saye da sayarwa, da yadda a ke tafiyar da ma'aikata. A gefe guda kuma ya karanta yadda a ke gina rumbun bayanai, da yadda a ke rubuta wa kwamfuta umarni, da haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, da tsare su daga ɓarayi. Akwai kuma darasi ɗaya wanda a ganinmu shi ne uwar sauran, watau binciken yadda aiki ya ke gudana. A nan ne a ke koya wa ɗalibi ya je wurin da a ke ciniki, ya zauna, ya kalla, ya yi tambaya, ya bi takarda daga hannun wanda ya rubuta ta har inda ta kwana, kafin ya taɓa kwamfuta ko kaɗan. Wanda bai iya wannan ba, ko da ya haddace umarni dubu, bai iya kome ba tukuna.

Kada ku ɗauka mu muka ƙaga wannan. Ku ji inda abin ya samo asali. Kwamfutar farko da aka sa ta yi aikin ofishin kasuwanci, masu shayi ne suka gina ta. Wani kamfani ne a Ingila, J. Lyons, mai gidajen shan shayi wajen 200 da gidan gasa burodi. Ribarsu a kan kowane kofi 'yar ƙanƙanuwa ce, ga akawuna jingim suna lissafin kwabo da ɗari. A 1947 suka tura mutum biyu Amurka su dubo sababbin dabarun aikin ofis, suka komo da labarin kwamfuta. Kamfanin ya ba Jami'ar Kambirij fam 3,000 domin ta ƙarasa wadda ta ke ginawa, sa'an nan suka gina tasu bisa fasalinta, suka sa mata suna LEO. A watan Nuwamba na 1951 ta fara aiki, kuma aikin farko shi ne ƙididdigar kuɗin burodi da kek da a ke gasawa kowane mako. A 1954 aka ɗora mata lissafin albashi. Abin da gwanin akawu ya ke yi a minti 8 a kan ma'aikaci guda, ita takan gama shi cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Daga baya kowace rana da yamma shugabar kowane gidan shayi takan buga waya ta faɗi abin da za a ƙara mata ko a rage a kayan gobe, kwamfuta ta tsara abin da za a gasa da abin da za a loda a kowace mota. Abin lura shi ne, kafin su haɗa waya ko guda, mutanen nan sun yi shekaru suna bin diddigin aikin akawunansu, sun san kowace takarda da dalilinta. Sanin shayi da burodi ya riga sanin na'ura. To, ina dalilin da za a ce wannan ilmi ya fi ƙarfin Kantin Kwari, ko Singa, ko Dawanau?

Bari mu koma kan littattafan dattijon nan, mu nuna muku abin da ya kamata ɗansa ya yi cikin mako guda. Da muka buɗe, mun tarar da abin da kowa ya sani. An rubuta "Alhaji Musa, turmi 40, ya ba da rabi." Bayan shafi goma sha, "Alh. Musa Maraɗi, dila ɗaya." Can kuma a littafi na biyu, "Musa na Alhaji, ciko." Mutum ɗaya ne, ko biyu, ko uku? Uban ya sani, domin a kansa abin ya ke. Ran da ya kwanta ciwo, ko ya tafi aikin hajji, ko ta Allah ta kasance, babu mai iya warwarewa, sai rigima tsakanin magada da abokan ciniki. Mai rubuta wannan sharhi akawu ne, rajistar sunaye ya ke riƙewa, ya san irin wahalar da Musa biyu su ke ba mutum a littafi ɗaya.

Maganin abin yana cikin darasin rumbun bayanai, kuma ba wani sihiri ba ne. Wani masani mai suna Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM, shi ya shimfiɗa ƙa'idarsa a 1970, har yau kuwa a kanta bankuna su ke tafiya. Gundarinta shi ne, kowace magana a rubuta ta sau ɗaya, a wuri ɗaya. Sai a yi jadawali uku. Na farko na abokan ciniki, kowa da lambarsa, da sunansa, da garinsu, da wanda ya tsaya masa. Musan Maraɗi ya zama lamba 17, Musan Gashuwa lamba 52, sun rabu ke nan har abada. Na biyu na kaya, kowane iri da lambarsa, da nawa aka saro shi, da nawa ya rage a sito. Na uku na ciniki, ran kaza lamba 17 ya ɗauki kaya lamba kaza, turmi kaza, ya biya kaza. Shi ke nan. Daga waɗannan uku kwamfuta za ta amsa duk tambayar da uban ya yi, har da waɗanda bai yi ba: wane zane ne ya kwana wata shida bai motsa ba, wane abokin ciniki ne kullum ya ke biya kafin Salla, wane yaron shago ne kaya ke yawan ɓacewa ran da ya ke tsaro. Ɗalibin da ya yi shekara biyar bai iya zana jadawalin nan uku ba, a mayar wa ubansa kuɗinsa.

Akwai kuma wata asara da littafin hannu ba ya nunawa, wadda ta karya 'yan kasuwa da yawa tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023. A ce ka saro turmi a kan naira 10,000, ka sayar 11,000. Ka rubuta riba 1,000, ka ci, ka yi cefane, ka yi zumunci. Ka koma saro, ka tarar turmin ya zama 12,000. Ashe ba riba ka ci ba, uwar kuɗi ka gutsura. Wanda ya ke da turmi 100, ya sayar duka, kuɗin da ke hannunsa ba za su saro masa fiye da 91 ba, ko da bai taɓa ko kwabo ba. A yi haka sau biyar, shago ya rame, mai shi yana cewa sammu aka yi masa. Jadawalin lissafi irin na Excel, wanda yanzu har a wayar hannu akwai shi, in an tsara shi daidai, da ka canja farashin saro a gida ɗaya, duk sauran gidaje za su canja, ya nuna maka ƙasan farashin da in ka sayar a kansa ka faɗi. Shi ma wannan jadawali ɗalibi ne ya ƙago shi. Sunansa Dan Bricklin, yana karatun kasuwanci a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1978, ya gaji da ganin ana goge allo ana sake lissafi tun daga farko duk sa'ad da lamba ɗaya ta canja. Shi da abokinsa Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979, 'yan kasuwa suka dinga sayen kwamfuta saboda shi kaɗai. Ɗalibi ne fa, a aji, amma an sa shi ya fuskanci matsala ta gaske.

Hukumomi za su ce ai sun yi gyara. Gaskiya ne, an yi gyara a takarda. A watan Disamba na 2022 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin darussa, ta ware ilmin kwamfuta ya zama fanni mai zaman kansa, da digiri na musamman a kan tsarin sarrafa bayanai. Ta kuma ce kashi 70 cikin 100 na darussa ita za ta tsara, kashi 30 kowace jami'a ta cika da abin da ya dace da jama'ar da ta ke zaune a cikinsu. A farkon 2024 kuma hukumar ilmin fasaha, NBTE, mai hedkwata a Kaduna, ta raba babbar difloma ta kwamfuta gida huɗu, kowanne da sabon suna mai daɗin ji. Ba mu ƙi ba. Amma sauya wa jaki suna ba ya ƙara masa sauri. In ɗakin kwamfuta yana kulle, malami bai taɓa riƙe littafin shago ba, ana kuma sayar da aikin kammala karatu a bakin ƙofa kamar ƙosai, to, sabon suna wa ya amfana in ban da mai buga takardar shaida?

Kashi 30 ɗin nan shi mu ke so jama'a su sa wa ido. An ce na jama'ar wuri ne. To, jama'ar Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina, mene ne sana'arsu in ba noma da kasuwa ba? Muna kira ga shugabannin jami'o'i da kwalejojin fasaha na jihohinmu, su kafa ƙa'ida cewa duk ɗalibin wannan fanni, aikinsa na kammala karatu a kasuwa zai yi shi. A haɗa shi da shago guda, ko ƙungiyar adashi, ko 'yan awo a kasuwar hatsi, ko mai kemis, ko mai gidan burodi. Ya zauna da su wata uku, ya gina musu abin da za su yi aiki da shi. Ran jarrabawa kuma a kira mai shagon ya zauna tare da malamai, a tambaye shi, kana amfani da abin da yaron nan ya yi, ko kuwa yana nan a ajiye? In ya ce yana amfani da shi, yaro ya ci. Irin wannan aiki ba ya sayuwa a bakin ƙofa, domin babu shago biyu masu littafi iri ɗaya. Haka kuma shirin nan na tura ɗalibai koyon aiki, SIWES, wanda hukumar ITF ta kafa tun 1973. Yaranmu sukan yi wata huɗu ko shida a wata ma'aikata suna sayo wa manya abinci, a sa musu hannu a littafi, su komo. Me zai hana a amince da ƙungiyoyin kasuwa su zama wurin koyon aiki, malami ya riƙa zuwa dubawa?

Za a ce babu kuɗin kayan aiki. Wannan hujja ta tsufa. Abin da muka zayyana a sama ba ya bukatar babban ɗaki mai sanyi. Tsohuwar kwamfutar hannu guda, da faifan sola, da malamin da ya san abin da ya ke yi, sun isa ɗalibi biyar. Makarantun nan kuwa suna karɓar kuɗin ɗakin gwaji daga kowane ɗalibi kowace shekara, ga kuma abin da asusun TETFund ya ke zuba wa makarantun gwamnati. Wanda ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Sai dai fa, 'yan'uwa 'yan kasuwa, ku ma akwai naku laifin, kuma ba za mu rufe ba don kuna sayen jaridarmu. Da yawanku ba ku yarda kowa ya ga littafinku, ko ɗan cikinku. Wani tsoron mai haraji ya ke yi, wani tsoron baki, wani kuma ba ya so iyali su san abin da ya mallaka. Mun fahimci dalili. Amma ku tuna gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016. Ba kaya kaɗai wuta ke ci ba. In littafin bashi ya ƙone, sai wanda ya ji tsoron Allah ya zo ya biya, saura kuwa sun sha. Da akwai kwafi a waya, ko a gida, ko a ajiye ta intanet, da wuta ta ci kaya ta bar bashi. Ku tuna kuma farkon 2023, sa'ad da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tiransifa da na'urar POS ko yana so ko ba ya so. Mutum nawa aka nuna wa alat na ƙarya suka ba da kaya? Mutum nawa suka kasa gane kuɗin wa ya shigo, na wa bai shigo ba, domin sunan da banki ya nuna daban da wanda suka sani? Daidaita littafin shago da takardar banki darasi ne a cikin kwas ɗin nan. Game da haraji kuwa, wanda ba shi da lissafi a rubuce, abin da aka yanka masa shi zai biya, ba shi da bakin musu. Mai lissafi shi ke iya cewa ga abin da na samu, ga abin da na kashe.

Su ma ɗalibai da malamansu sai su san cewa littafin ɗan kasuwa amana ne. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Nijeriya, amma tun kafin doka akwai mutunci. Yaron da aka buɗe wa littafi ya je yana faɗa a majalisa wa ke bin wa, ya rufe wa 'yan'uwansa ƙofa duka. Kuma su daina kawo wa iyayenmu abin da aka rubuta da Turanci tsantsa. Dattijon da ya zo mana, rabin littafinsa da ajami ya ke. Kwamfuta tana rubuta Hausa, tana rubuta baƙaƙen Larabci. In allon ya ce "wanda a ke bi" da "abin da ya rage a sito", mai shago zai karanta da kansa, ba sai ya jira ɗansa ya dawo daga yawo ba. A lissafa da turmi da dila da bandir, da buhu da tiya da mudu, da la'adar dillali da kuɗin dako, yadda kasuwa ta ke yi, kada a kwafo misalin wani kanti na Landan daga littafin Turawa.

Ga shawararmu ga duk wanda ɗansa ko 'yarsa ke wannan karatu yanzu. Kada ka jira sai an gama. Wannan hutun, ka ɗauki shafi ashirin na littafinka, in kana jin nauyi ka canja sunaye, ka ba shi. Ka ce nan da kwana bakwai kana son amsa uku: nawa a ke bina, nawa na ke bi, wane kaya ne ya fi kawo riba in an fitar da dako da la'ada. In ya kawo, ka gwada da abin da ka sani a kanka. In ya kasa, kada ka zage shi, domin mai yiwuwa ba laifinsa ba ne. Ka sa rigarka ka tafi makarantar, ka nemi shugaban sashen, ka tambaye shi sau nawa aka buɗe ɗakin kwamfuta a zangon da ya wuce, kuma kuɗin ɗakin gwaji da ka biya me aka saya da su. Kada ka tafi kai kaɗai. Ku haɗu ku biyar ko goma daga layinku, ku tafi da shugaban ƙungiyarku, da rasit ɗinku a hannu.

Shi kuwa yaron dattijon nan, mun zaunar da shi a ofis, mun ba shi aron kwamfutar da mu ke rajista da ita daga la'asar zuwa magariba. Ya zana jadawalinsa uku a takarda tukuna, uban yana gefe yana gaya masa wane Musa ne wane. Sun kai shafi na sittin a littafin farko, kuma har sun tono bashin dila biyu da aka manta da shi tun kafin azumin bara.